Tafiyar Mutanen Gungu

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka fara tura ni koyarwa Wara, kuma ko na yi niyyar mantawa, shaidun sun yi yawa, zauren taro guda ne cike da mutane.

Ni ɗan Yelwa ne, cikin garin Yauri na tashi. Ruwa na nan kusa da gidanmu, amma Inna ba ta taɓa bari na riƙe filafilin tuƙa kwale-kwale ba, don haka abin da na sani game da kogi bai wuce soyayyen kifi ba. Da na gama kwaleji aka ba ni aikin koyar da Hausa a wata sakandare a Wara, aikin ma na gwaji, ba a tabbatar da ni ba tukuna. Ina cikin wannan lallaɓawa ne Firinsifal ya kira ni ofis. Ya ce yaran ƙungiyar wasan kwaikwayo sun rubuta wasa a kan kakanninsu, mutanen gungu, wato mazauna tsibiran cikin kogi, da yadda suka bar gidajensu lokacin da aka datse ruwa a Kainji tafki ya haɗiye wuraren. Za a nuna wasan ranar rabon kyaututtuka. Maganganun duk sun haddace, matsalar ita ce idan suka hau dandamali tafiya suke yi kamar masu zuwa cajin waya, su gaida uba a tsaye hannu a aljihu. Ana neman wanda zai koya musu yadda mutanen wancan zamani suke tafiya, da zama, da gaisuwa. Tunda ni ne malamin Hausa, ai ni ne malamin al'ada.

Na ce ba matsala. (Wannan kalma ta sha jefa ni cikin matsala, amma ba kamar wannan karon ba.)

Na fara da ɗakin malamai, a nan kaina ya fara kullewa. Malamin lissafi ya ce gwiwa biyu ake durƙusawa a ƙasa. Malamar Turanci, wadda ta fito daga ƙauyukan kan tudu, ta ce su a wurinsu ba haka ba ne, kuma kada in kuskura in ɗora wa 'yan mata tulu a ka, a kafaɗa kakarta take ɗauka. Malamin addini ya ce tsugunno ya isa, kada in sa yara su kai goshi ƙasa gaban mutum. Wani ya ce a cire takalmi tun daga nesa, wani ya ce wane takalmi, a cikin ruwa? Kowa da yaƙininsa yake magana, kuma kowa ya girme ni. Sai na kwashe duka na kai wa yara. Ranar gwajin farko, da aka ce a gaida mai gari, wasu suka durƙusa, wasu suka tsuguna, yaro ɗaya ya kwanta rub da ciki, wata yarinya kuma ta tsaya tana neman inda za ta ajiye tulu. Ni kaina ban san wanda zan gyara wa ba.

Da na kai kukana wurin Firinsifal, sai ya ce in daina tambayar waɗanda aka haifa a tudu. Akwai wani dattijo, Baba Tanko, a wani ƙauye can gefen tafki, shi a gungu aka haife shi, matarsa ma haka. In je in gani da idona.

Ranar Asabar da safe na shiga kwale-kwale, na isa ƙauyen. Na tarar da Baba Tanko a gindin bishiya yana gyaran komarsa ta kamun kifi, matarsa Inna Ige kuma tana gefe tana bandar kifi. Na tsuguna na gaishe su, na yi bayanin abin da ya kawo ni. Ina fara magana sai dattijon ya kawar da fuskarsa gaba ɗaya, ya miƙo mini kunnen hagu, ya lumshe ido. Nan take murna ta kama ni. Na ce a raina, ka ga ladabin mutanen da, ko yaro ne ke magana ba a kafe shi da ido.

Na tambaye shi yadda ake gaida mai gari a gungu. Ya gyaɗa kai, ya ce iska za ta taso bayan azahar, gara in koma da wuri. Na tambayi yadda samari suke zama gaban manya. Ya ce kifin giwan ruwa ya yi ƙaranci bana. Na daɗe ina juya waɗannan amsoshi a kan hanyar komawa, ina neman ma'anar da ke ƙarƙashinsu. Daga ƙarshe na yanke cewa mutanen da ba sa amsa tambaya kai tsaye, hikima ce sai mai zurfin tunani. Sai kuma na tuna wani malaminmu a kwaleji ya taɓa cewa mai bincike na ƙwarai ido yake sa wa, ba yawan tambaya ba, don da zarar ka tambayi mutum zai canza halinsa. (Ban tabbata haka ya faɗa ba. Ina bayan aji ranar.) Daga nan na rufe bakina. Duk Asabar sai in je in zauna a gefe in zuba musu ido.

Kuma na ga abubuwa. Idan Baba Tanko zai tafi, ƙafar hagu yake jefawa gaba, ya dafe ƙugu, ya karkata jiki, sannan ya jawo ta dama a ƙasa tana zana rabin da'ira. Na yi ta tunani har na gano dalili da kaina: mutumin da ya tashi cikin kwale-kwale ba zai ɗaga ƙafa biyu yadda ya ga dama ba, dole ɗaya ta riƙa bin ƙasa don kada jirgi ya kife. Inna Ige kuwa idan za ta zauna, ƙafa ɗaya take miƙewa sambal ta naɗe ɗayar. Idan za ta tashi sai ta mirgina gefe, ta dafa ƙasa, ta ce “wash” a hankali. Idan za ta yi magana, sai ta ja bakin zane ta rufe bakinta. Wannan ai ko ba a faɗa ba, kunya ce. Ba ta cika yi mini magana ba, sai dai duk zuwa ta ƙunsa mini kifi, ta bi ni da wani irin kallo. Shi ma kallon na sa shi cikin kunya.

Na koma makaranta kamar wanda ya haƙo zinariya. Na jera yara a filin ƙwallo, na shiga gaba, na dafe ƙugu, na ce kowa ya bi ni. Ladi, yarinyar da ta fito a matsayin budurwar da za ta bar kabarin mahaifiyarta a gungu, ta ɗaga hannu ta ce ita dai wannan zama ya yi mata kama da na kakarta mai ciwon gwiwa. Na ce mata to ta gode wa Allah, kakarta ta riƙe al'ada. Nasiru, wanda ya fito a saurayi masunci, ya tambaya ko shi ma da yake matashi sai ya ja ƙafar. Na ce ai tun ana yara ake koyonta. Suka kalli juna suka ci gaba da jan ƙafa, don ni ne ke ba da maki a Hausa.

Gaskiya yaran nan sun yi ƙoƙari. Kullum bayan an tashi muna fili, ni a gaba suna biye, muna jan ƙafa daga wannan raga zuwa waccan har sai da muka yi wa filin layi-layi kamar an yi huɗa. Wata rana Firinsifal ya leƙo ta taga ya yafito ni, ya tambayi abin da ke faruwa. Na zayyana masa bayanin kwale-kwale da manyan kalmomi. Ya daɗe yana kallon yaran, sannan ya ce, to, bincike ke nan. Ban san ko yabo ne ko tambaya ba, na ɗauke shi yabo.

Daɗi ya kwashe ni har na roƙi a gayyato Baba Tanko da Inna Ige a matsayin manyan baƙi. Ni da bakina. Babban ɗansu Garba, mai tuƙa jirgin inji, shi ya kawo su, aka zaunar da su a layin gaba.

Zaure ya cika. Ga iyaye daga kan tudu, ga masunta, ga liman da fasto a kujeru maƙwabta, ga mutanen ƙaramar hukuma. Ni ina bayan labule (zannuwan gado ne biyu muka haɗa) ina leƙe ta wata 'yar ɓula. Nasiru ya fito yana jan ƙafa, hannu a ƙugu. Wuri ya yi tsit, har na ji wata mata ta ce Allah sarki. Sai uban Nasiru na cikin wasa ya fito, shi ma yana ja. Sai mai gari. Sai ma'aikacin gwamnati da ya zo sanar da tashi, da hularsa da jakarsa, shi ma yana ja, don na manta shi ba ɗan gungu ba ne, tare na horar da su duka. Aka fara ƙus-ƙus. Daga baya aka gaya mini wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita ko shan-inna ne ya kama gungun gaba ɗaya.

Da Nasiru ya zo gaida ubansa, kowannensu ya miƙa wa ɗan'uwansa kunnen hagu, sai ya zama ɗaya yana yi wa bangon gabas magana, ɗaya na yamma. Mata suka shigo suka zauna a jere, kowacce ƙafa ɗaya a miƙe, baki a rufe da zane, ba mai jin abin da suke cewa. A nan dariya ta fara. Ni kuwa na rasa gane kanta. Na duba ko zanen wata ya kwance, bai kwance ba. Na duba ko akuya ta hau dandamali, ba akuya. Na buɗe takardar wasan ina neman inda aka sa abin dariya, ban samu ba. Na ce wataƙila mutanen Wara haka suke nuna abu ya taɓa musu zuciya.

Sai aka zo wurin da ya fi kowane ban tausayi, inda Ladi take ban kwana da kabarin mahaifiyarta. Yarinyar nan ta yi kuka na gaske, har dariyar ta lafa. Ta gama, ta mirgina gefe, ta dafa ƙasa, ta ce “wash”. Zaure ya kece. Na ga liman ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa.

Abin da ya ƙara ruɗa ni, mutane sun daina kallon dandamali, layin gaba suke leƙe. Duk masuncin da ke wurin ya san Baba Tanko. Na bi idonsu, na ga Inna Ige ƙafa a miƙe, zane a baki, Garba kuma a tsaye fuskarsa a murtuke. Ko a lokacin, wallahi, abin da ya zo mini shi ne suna gwada namu da na asali su ga ko mun dace.

Garba ya kama hannun mahaifinsa ya tashe shi. Suka bi tsakiyar zaure za su fita, dattijon yana dafe da ƙugu yana jawo ƙafar dama. Daidai lokacin ne kuma 'yan wasa suka jeru za su shiga jirgi a fitowar ƙarshe, su ma suna jawo tasu. Dariyar ta ɗauke ɗif. Babu abin da ake ji sai ƙarar jan ƙafa, a sama da ƙasa.

A ofis Firinsifal ya fassara mini abin da kowa ya riga ya gane. Dorina ce ta taɓa kifar da jirgin Baba Tanko ta karya masa ƙugu, kuma wannan ya faru ne bayan an dawo tudu, Garba ma yana da wayo lokacin. Kunnensa na dama ya mutu, na hagun ma sai an ɗaga murya. Inna Ige gwiwarta ce ba ta lanƙwasuwa, haƙoranta na gaba kuma sun zube, shi ya sa take rufe baki gaban baƙo. Garba ya ce sun karɓe ni, sun ciyar da ni, ni kuma na tara gari na mai da iyayensa abin dariya. Zai kai ƙara wurin hakimi da ofishin ilimi. Firinsifal ya tuna mini cewa ba a tabbatar da ni ba tukuna. (Maganar “bincike ke nan” bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tuna masa ba.)

Washegari da safe na sayi goro na shiga kwale-kwale. Na hango su tun daga ruwa, an taru a gindin bishiyar nan: dattijon da matarsa, Garba, mai unguwa, da maƙwabta da yawa. Na sauka, na nufe su ina maimaita kalmomin ban haƙuri a zuci, ina ce wa kaina yau ladabi, ladabi kawai. Ina matsowa na ga fuskoki suna canzawa. Wata mata ta dafe ƙirji. Garba ya miƙe tsaye a hankali. Na waiwaya ko wani ne a bayana, ba kowa. Na duba rigata, lafiya lau. Sai na kalli ƙasa, na ga wani dogon layi a kan yashi tun daga bakin ruwa har zuwa ƙafata ta dama. Hannuna kuma yana kan ƙugu.

Makonni na yi ina koya wa jikina cewa wannan ita ce tafiyar girmamawa, da na ce masa ladabi, abin da ya sani ya yi. Na tsaya cak. Na so in ƙarasa da tafiyata ta kullum, na neme ta na rasa, na kasa tuna wace ƙafa ake fara ɗagawa. Sai na zube a inda nake na tsuguna. Baba Tanko ya buɗe baki zai yi magana, ni kuma, Allah shi ne shaida ba da niyya ba, na kawar da fuska na miƙa masa kunnen hagu.

Da a ce ƙasa tana buɗewa don tausayi, da ta buɗe a ranar.

Dattijon ya yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryarsa. “Malam, kai ma ta kama ka?”

Ashe tun jiya yake cikin damuwa. Ya ce wa iyalinsa yaran makarantar nan duk ba su da lafiyar ƙafa, a bincika ruwan da suke sha, kuma yana da wani man shafawa da zai aika musu. Ba wanda ya iya yi masa bayani. Inna Ige ce ta fara fashewa da dariya, ta yi ta yi har zanen ya faɗi daga bakinta ba ta kula ba. Maƙwabta suka kama. Garba bai yi ba. Ya ce idan ina son a bar maganar ƙara, ni da bakina zan gaya wa mahaifinsa abin da na yi, a kunnen da ke ji.

Haka na matsa na kafa baki a kunnen dattijo, na yi ta kwarara bayani da iyakar muryata, ƙauye guda yana saurare. Sai na maimaita wasu wuraren, musamman wurin kwale-kwale, wanda ko a faɗar farko bai yi daɗin fita ba. Da na gama ya sunkuya yana kallon ƙafarsa.

“Ashe haka nike tahiya,” ya ce, wannan karon a hankali.

Ba wanda ya yi dariya. Wannan ya fi mini duk dariyar jiya ciwo. Na ba shi haƙuri, na sake ba shi. Ya ɗaga hannu ya ce ya isa, sannan ya ƙara da cewa yaron nan da ya fara fitowa ya iya ƙwarai, a gaishe shi.

Inna Ige ta share hawayen dariya ta dube ni. “Ɗan nan, kaz zo kaz zamna kana kallonmu awa mai sayen akuya. Mi ya hana ka tambaye ni? Ni kunnena lahiya lau. Sa'ad da munka baro gungu ni budurwa ta, in an yi tsere bakin ruwa ba mai kama ni. Tsuhwa kag gani, ba zamanin da ba.”

Garba ya janye maganar ƙara, ko da yake ya daɗe bai amsa gaisuwata da fara'a ba. Man shafawar kuwa sai da Baba Tanko ya sa aka kawo, ya ce ko ba ciwo a shafa, na miƙa ƙafa aka shafa gaban kowa. A zango na gaba muka sake wasan. Inna Ige ta zo gwaji ta zauna ta ce 'yan mata su miƙe ƙyam, su yi tafiya da sauri, su durƙusa su tashi ba dafa ƙasa. Ta taho da wata ƙawarta 'yar wani gungun, wadda ta ce sam ba haka ake durƙuson ba, suka yi ta gardama har aka tashi. Na raba yaran biyu, rabi suka bi wannan, rabi suka bi waccan, ban sa baki ba.

Abin da na koya shi ne mutanen da su ma sun yi ƙuruciya, kuma idan mai abu yana zaune a gabanka da bakinsa, ka tambaye shi. Yanzu shekaru sun ɗan ja, babur da hanyoyinmu sun gama da bayana, sai na dafa tebur nake tashi. Idan na lura wani sabon malami ya zuba mini ido, ba na jira ya tambaya. Nakan ce masa, Malam, wannan ba al'ada ba ce, ciwon baya ne.